Wuyan Ragon Gidan Fasto

An ci naman gidan sabon faston Tsiga a gidajen maƙwabtansa Musulmi ranar da ya tare, abin da matan unguwar suka ce bai taɓa faruwa ba tun da aka gina gidan. Mutum ɗaya ne har yanzu bai sa nasa kason a baki ba, kuma shi ne wanda suka haɗa katanga da shi.

Faston, mai suna Sanda, an yi masa canjin wurin aiki ne daga wata ƙaramar majami'a a wani ƙauye da ke bayan Dayi. Ya iso Tsiga wata Asabar a tsakiyar bazarar bana, tare da matarsa Sabuwa, da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Tsohuwa tun tana yarinya, domin sunan kakarta aka sa mata. Sun zo da kayansu cikin motar ɗaukar hatsi, da rago guda. Ragon a yanke ya iso, daga nan kuma maganar ta taso.

Tun ranar da labarin canjin ya zo, gidan bai zauna ba. Babbar 'yarsu Rifkatu ta ji cewa sakandare a cikin gari take, ba sai ta yi sammako ta ratsa gonaki ba, sai ta wanke takalman makarantarta ta ɗaure su a leda, ta ce sun gama taka ƙasar ƙauye. Ƙannenta maza sun ji akwai wutar lantarki, suka yi ta gardamar wanda zai fara kunna ƙwai. Fasto kansa, mutum mai sanyin magana, an kama shi a bayan rumbu yana gwada wa'azinsa na farko, kaji na saurare. Sabuwa ta shafe kekenta na ɗinki da mai, ta riga ta hango shi a barandar gidan bulo mai rufin kwano, mata na shigowa da atamfofinsu. Tsohuwa ce kaɗai ta kafa sharaɗi: ba inda za ta sai da randarta da dutsen niƙanta. Da aka ce mata injinan niƙa sun cika Tsiga, ta ce inji bai san hannunta ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Sabuwa a rai, kuma ta samo shi ne ranar da ta je duba gidan. Shugabar zumuntar matan cocin, Yewande, 'yar kasuwa haifaffiyar Funtua, ita ta zagaya da ita ɗaki ɗaki, ta nuna mata madafa da famfon burtsatse na bakin layi. Da suka zo jikin katangar gabas, Yewande ta rage murya. Ta ce bayan katangar nan gidan Malam Almustapha ne, mai jan sallah a masallacin unguwa, matarsa kuma Hajiya Kulu ita ce mata ke kallo kafin su yi komai. Matar faston da ya tashi, baƙuwa ce daga kudu, mutuniyar kirki. Ranar da ta tare ta dafa kajin da mijinta ya yanka ta aika musu. Aka karɓa da godiya, da safe aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. Ba wanda ya yi faɗa. Ita ta ji kunya, su ma suka ji kunya, kuma har ta bar garin, ko kokon gishiri bai sake ƙetare katangar ba. Gaisuwa ce kawai, daga nesa. Yewande ta ce ta ji malamai sun rabu kan yankan Kirista, wasu sun halatta shi, amma matan unguwa ba sa jiran malamai su gama muhawara kafin su mayar da murfi.

Sabuwa ta dawo gida tana juya maganar. Rabin danginta Musulmi ne, ta san abin da katanga take ga mace. Ta nan ake miƙo wuta da rariya, ta nan ake ƙwala kira idan yaro ya sheme. Fasto yana da bagadinsa a coci da jama'arsa duk Lahadi. Ita katangar ce tata, kullum. Ta ƙudura cewa kwanonta na farko ba zai dawo a rufe ba.

A ƙauyensu wannan bai taɓa zama abin tunani ba. Duk Kirsimeti da Ista, maƙwabcinsu Malam Lawal ne ke zuwa da wuƙarsa ya yanka musu, ya tafi da wuyan dabbar, kamar yadda ake ba mai yanka a yankin, sannan kwanuka su bazu cikin ƙauye. Da ya ji za su tashi, shi da sauran maƙwabta suka haɗa suka kawo musu rago na sallama, fari mai baƙin kai. Ya ce a kawo igiya ya yanka, a soye, su tafi da shi. Sabuwa ta durƙusa ta yi godiya, ta roƙe shi ya bar shi da rai. Tana so ragon ya sauka daga mota da ƙafafunsa a gaban kowa, sannan Fasto ya taka har zauren Malam Almustapha ya ce masa sun zo, ga kuma rago, a taimaka a yanka musu. Malam Lawal ya ce wa Fasto matarsa ta fi shi iya wa'azi.

Ranar tashi, ƙauyen ya fito. Matan zumunta sun zo cikin zannuwansu iri ɗaya suna kiɗan tukwane, matan Musulmi suna miƙo ƙullin daddawa da kuka ta tsakanin kaya. Motar ta Hyacinth ce, ɗan coci mai sayen masara, wanda aka haifa a Funtua, Hausarsa har da karin magana. Shi ya tsara lodin: buhuna a gaba, gado da katifu a tsakiya, keken ɗinki a nannaɗe cikin bargo, dutsen Tsohuwa a ƙasa, ragon kuma aka ɗaure shi gajere a jikin ƙarfen baya don kada ya yi tsalle. Fasto da Tsohuwa suka shiga gaba. Sabuwa ta hau baya da yaran, ta zauna kan katifa, tana ɗaga hannu har rufin cocin ya ɓace a bayan itatuwan dorawa. Ta share ido sau ɗaya, Rifkatu ta ɗauko waƙa, suka amsa.

Har Malumfashi murna ake yi. Suka sayi mangwaro ta saman mota, yaran suna karanta allunan shaguna da ƙarfi. Rana ta take, ƙarfen motar ya yi zafin da ba a taɓawa. Bayan sun bar kwalta sun kama hanyar da Hyacinth ya ce ta fi kusa, motar ta faɗa wani rami. Dutsen niƙan ya zamo ya ture buhun masara, buhun ya kwanta a kan ragon, ragon ya faɗi, gajeriyar igiyar ta shaƙe shi. Waƙar ce ta hana su ji da wuri. Da Sabuwa ta waiwaya, harshensa a waje yake.

Ta yi ta dukan rufin gaban motar da tafin hannu har Hyacinth ya tsaya. Aka datse igiyar, aka sauko da ragon inuwar motar, aka zuba masa ruwa. Bai tashi ba. Numfashinsa yana fita da gurnani, idonsa ya juye. Tsohuwa, wadda ta yi kiwo tun kafin a haifi ɗanta, ta dafa cikinsa ta ce wannan ba zai ga Tsiga ba.

Fasto ya zaro wuƙa daga kwandon kayan madafa, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya ce kada a tsaya kallo kyautar mutane ta zama mushe. Ya durƙusa. Sabuwa ta riƙe masa wuyan hannu, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Fasto, kada ka yanka."

Ya dube ta. Ya ce mata a hankali jama'ar coci suna can suna jira, kuma za su ci, babu abin da ya haramta musu.

"Jama'arka za su ci," in ji ta. "Maƙwabtana fa?"

Tsohuwa ta ce wa ɗanta ya saurari matarsa, domin rabon da ya yanka ko kaza tun yana makarantar Littafi Mai Tsarki. Hyacinth yana ta duban gaba da baya. Ya ce shi bai ƙi ba, amma wannan ba hanyar da ake daɗewa a tsaye ba ce a zamanin nan, a yi abin da za a yi a tafi.

Babu gida a kusa, sai gonaki da aka share ana jiran ruwa, tulin taki jere a cikinsu. Fasto ya fita bakin hanya yana ɗaga wa masu babur hannu. Na farko ya ƙara wuta ya wuce. Na biyu, tun daga nesa ya juya ya koma inda ya fito. Sabuwa tana durƙushe, hannunta a haƙarƙarin ragon tana jin numfashin yana raguwa, ta ɗaga kai ta ga dalili: mota a tsaye cikin daji, ga mutum yana tare hanya da wuƙa tsirara a hannu. Ta ce wa Fasto ya ajiye wuƙar ya koma bayan mota, shi da Hyacinth. Ta gyara ɗaurin zanen zumuntarta, ta kama hannun ƙaramin ɗanta, ta tsaya a tsakiyar hanya.

Na ukun ya tsaya, amma da tazara, bai kashe injin ba. Magidanci ne, da buhu ɗaure a bayan babur.

"Malam, don Allah, kai Musulmi ne?"

"Alhamdu lillahi. Lafiya, baiwar Allah?"

"Rago za ka yanka mana, yana mutuwa."

Ya dubi zanen jikinta, ya dubi gado da katifu a saman mota, ya kashe babur. Bai yi wata tambaya ba. Ya taɓa idon ragon, idon ya ƙifta. Ya gwada wuƙar Fasto a farcensa, ya ce wannan ko kabewa sai ta yi gardama da ita, ya zaro tasa daga ƙugu. Ya dubi rana, ya juya ragon gabas, ya ce Fasto ya riƙe ƙafafu. Ya yi bisimilla da kabbara, ya ja sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa har hannun rigar Fasto, ragon ya shure ƙafa da ƙarfi. Mutumin ya jira har ya lafa, ya ce ya halatta, ya goge wuƙarsa da ƙasa, Rifkatu ta zuba masa ruwa ya wanke hannu.

Sabuwa ta ce ya dakata a cire masa wuyansa. Ya riga ya hau babur. Ya ce sauri yake yi, irin masara ne zai kai wa mai shi kafin kasuwa ta watse.

"Ku ajiye mini, ina nan zuwa," ya faɗa yana dariya, ya tayar da babur.

Suka ɗora ragon a kan ganye, suka rufe shi da tabarma. Sabuwa ta ji kamar an sauke mata dutsen Tsohuwa daga ƙirji. Yaran suka koma waƙarsu. Sai da rufin kwanon Tsiga ya fara ƙyalli a gabansu, Tsohuwa ta leƙo da kai ta taga ta ɗaga murya ta tambayi Sabuwa mutumin nan da ya yanka ragon ɗan gidan wa ne.

Babu wanda ya tambaye shi. A inda suka fito ba a tambayar sunan mai yanka, kowa ya san Malam Lawal. Ba su san sunansa ba, ba su san garinsu ba, shi ma bai tambayi inda za su ba.

Tarbar da aka yi musu ta fi ƙarfin abin da suka zata. 'Yan coci sun tare motar tun daga bakin layi da ganguna, matan zumunta suna guɗa, yaran unguwa sun biyo baya a guje. Aka ɗauke Tsohuwa cak aka sauke ta kamar amarya, tana faɗan a bi randarta a hankali. Ƙannen Rifkatu suka ruga ciki suka kunna ƙwai, aka yi sa'a akwai wuta, suka yi ta ihu. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu. A zauren da ke jikin katangar gabas, wani dattijo mai farin gemu yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Sabuwa ba ta buƙaci a gaya mata ko wane ne ba. Tana kallonsa lokacin da samari suka janye tabarma suka sauko da ragon, kai na reto. Ta ga idonsa ya sauka kan yankan, ya tashi zuwa hannun rigar Fasto mai jini. Fasto ya ɗaga masa hannun nan ɗin ya gaishe shi. Dattijon ya amsa da kyau, ya yi musu barka da zuwa, ya naɗe buzunsa ya shiga gida.

Maza suka feɗe ragon a bayan madafa, mata suka ɗora tukwane. Sabuwa ta sa aka yanke wuyan daban, ta sa shi a kwano ta rufe, ta ɗora a kan randar Tsohuwa. Yewande ta ja ta gefe ta ce shawararta ita ce kada a aika ko'ina yau. A bari sai Kirsimeti, a sayi wani, a kira Malam ya yanka. Idan aka aika aka dawo da shi, an koma gidan jiya. Sabuwa ta ce idan ƙamshin nan ya shiga gidajen mutane kwano bai bi shi ba, shi ma magana ce. Ta jera kwanukan a baranda, ta zuba shinkafa da nama, ta rufe su. Amma ba ta ce a ɗauka ba. Ta yi ta kai da kawo a gabansu, tana gyara murfin da ba abin da ya same shi.

Bayan la'asar aka yi sallama. Hajiya Kulu ce, doguwa, da carbi a naɗe a hannu, ta zo yi wa baƙi sannu da zuwa, hannunta ba komai. Aka shimfiɗa mata tabarma. Suka gaisa da Tsohuwa, suka bi dangi har suka gano cewa wata ƙanwar kakar Hajiya ta yi aure a Dayi, nan take suka fara tsokanar juna. Hajiya ta ce ta ji an zo da dutsen niƙa garin da ke da inji, Tsohuwa ta ce ta ga tuwon 'yan inji, shi ya sa mazan garin duk a rame. Idon Hajiya ya bi ta kan kwanukan da ke baranda, bai tsaya ba.

Sabuwa ba ta jira a tambaye ta ba. Ta durƙusa ta ba da labarin tun daga Malam Lawal har mai babur, ba ta rage komai ba, har wuƙar da Fasto ya zaro. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi sunan mutumin. Sabuwa ta ce ba su tambaya ba. Garinsu fa? Shi ma haka. To yaya yake? Sabuwa ta ce baƙi ne, matsakaici, da hula, babur ɗinsa ja.

"'Yata," in ji Hajiya, "kin kwatanta mini rabin mazan Katsina."

Ta faɗa da murmushi. Can ta ce ita ba ta ce kowa ya yi ƙarya ba, sai dai Malam ya ga abin da ya gani, kuma shi mutum ne mai son ya san hannun da ya yi abu. Ta ce zama ai yanzu aka fara, akwai gaba. Ta jawo takalmanta.

Sabuwa ta miƙe don ta raka ta. A daidai nan wata daga cikin matan zumunta, da ta ga miya ta yi yawa nama ya yi kaɗan, ta buɗe kwanon da ke kan randa za ta juye a tukunya. Tsohuwa ta daka mata tsawa daga kan tabarma.

"Ajiye! Ba namu ba ne."

Hajiya ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta tambaya na wane ne.

"Na mai yanka ne," in ji Sabuwa. "Ya ce a ajiye masa."

Tsohuwa ta ɗora da mita. Ta ce duk naman rago babu inda take so kamar wuya, kuma tun da ta yi aure ba ta taɓa cin na gidanta ba, kullum wani malami ne ke tafiya da shi. Yau ga shi an samu wanda ya manta nasa, surukarta ta rufe ta hana, wai sai an nemo mutumin da ko sunansa ba a sani ba. Ta ce da ɗanta ne ya yanka, da tuni wuyan nan yana cikinta, ta ga wanda zai hana uwa kason ɗanta.

Hajiya ta ƙarasa wurin randar. Ta ɗaga murfin, ta juya wuyan da ɗan yatsa, ta dubi bakin yankan. Ta dubi gidan cike da baƙi, da tukunyar da naman bai ishe ta ba. Ta mayar da murfin yadda yake. Sannan ta cire takalmin da ta sa, ta koma kan tabarma, ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu, kuma idan akwai hanta a ɗan sa mata, haƙoranta ba na tsoka ba ne.

Ta yi bisimilla ta ci. Ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Yewande ce ta fara dariya, sauran suka bi.

Da za ta tafi, Rifkatu ta ɗauki kwano mafi girma za ta bi ta da shi. Hajiya ta karɓe ta ce ita za ta kai abinta. Ba ta sa shi cikin mayafi ba. A tafin hannu ta ɗora shi, ta fita ta ƙofar gaba, ta tsaya gaisawa da duk wadda ta gani a bakin ƙofa, ta ɗauki doguwar hanya zuwa gidan da taku kaɗan ne. Kafin ta shige, Sabuwa ta ce wa 'yan mata su ɗauki sauran.

Kafin magariba kwanukan suka fara dawowa, a wanke, babu wanda ya zo wayam. Wani da ƙuli-ƙuli, wani da albasa, wani da curin fura. Wata amarya ta aiko da tambayar ko gaskiya ne matar fasto tana ɗinki. Sabuwa ta jera kwanukan a inda suka tashi, ta sa aka kwance keken daga bargo tun ba a kafa gado ba.

Kwanon gidan Malam Almustapha ne bai dawo ba. Da safiyar Lahadi, Sabuwa tana ɗaura ɗankwali za ta coci, ta ji ana kiran matar fasto daga gabas. Hajiya ce ta taka turmi ta leƙo ta saman katanga, tana miƙo rariya, ta ce ta lura ba a sauke tasu daga mota ba. Ta ce ita da yara sun cinye nasu. Kason Malam ta sake soya shi ta ajiye a cikin kwanon. Bai ce a mayar ba, bai kuma ci ba. Ya ce mutumin da ya tsaya wa baƙi a hanyar da ba a tsayawa ya cancanci a san sunansa, kuma ranar da aka kai masa wuyansa, ranar shi ma zai ci nasa.

Malam ɗin da kansa ya zo bayan an tashi daga coci, ya zauna da Fasto a baranda, suka yi hirar gonar haya da irin da ya fi karɓar ƙasar Tsiga. Ya sa Fasto ya kwatanta masa wurin da motar ta tsaya. Ya yi cigiya a masallaci, ya kuma aika tashar 'yan babur.

Zuwa yanzu mutum biyu sun zo sun ce su ne. Tsohuwa ce ke tarbarsu. Na farko ta tambaye shi launin ragon, ya ce ja. Na biyu ya faɗi launin daidai, domin fatar tana shanye a tsakar gida, amma da ta tambaye shi wuƙar wa ya yi aiki da ita, ya ce ta Fasto, kuma kaifinta ya burge shi.

Wuyan yana nan a soye, cikin mai, a kan randa, Sabuwa tana ɗumama shi don kada ya lalace. Kwanon yana gidan Malam. Hyacinth ya ce zai tambayi masu sayar da irin masara ranar kasuwa mai zuwa.